Gyambon harshe da ke kama da ciwon daji amma ba shi bane: yaya ake gane shi?

Wai shin duk gyambon da ya fito a baki ya ƙi warkewa ciwon daji ne? Tambayar nan tana yawan tasowa, musamman yanzu da mutane suka fara jin labarin kansar baki. Sai kaga an ɗauki hoton harshen wani dattijo ana yawo dashi a waya ana cewa dan Allah wa ya san maganin wannan, kafin ka ankara amsa ta rabu gida biyu, wasu suce wallahi daji ne a maida shi gida a dage da addu'a, wasu kuma suce haba, zafin ciki ne ko basir ne ya hau sama, a jiƙa masa bagaruwa ya riƙa kuskure baki. Duka ɓangarorin biyu da ido suka yanke hukunci, kuma nan matsalar take. Domin akwai wani gyambo da ko ƙwararren likitan baki ya kalle shi gabansa sai ya faɗi, duk siffar daji gare shi, amma ba daji bane, yana warkewa tas ya bar mutum da lafiyarsa. Likitoci suna ce masa TUGSE a taƙaice, wasu kuma suce gyambon iyosinofil, da sunan wasu fararen ƙwayoyin jini da ke taruwa a cikinsa. Ba kasafai ake cin karo dashi ba. Abinda yasa na ga ya kamata a yi bayaninsa shine, labarinsa yana iya ceton mutum daga fargabar banza, kuma labarin nasa dai yana iya halaka wani idan an fahimce shi a karkace.

Wane gyambo ake nufi, wanne ne ba a nufi?

Bari mu fara cire wanda kowa ya sani. Ƙananan gyambunan nan farare masu jan zagaye da ke fitowa a cikin leɓe ko kumatu ko ƙasan harshe, masu raɗaɗi idan ka ci yaji ko ka sha lemo, ba su ake magana ba. Waɗannan yawanci basa kai santimita 1, suna warkewa da kansu cikin kwana 7 zuwa 14, suna tafiya suna dawowa, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama dasu. Haka wanda ya ciji harshensa yana cin abinci ko shayi mai zafi ya ƙona shi, sati ɗaya zuwa biyu ya manta da maganar.

TUGSE daban yake. Yawanci ƙwaya ɗaya ne, kuma a harshe ya fi fitowa, sama da rabin waɗanda aka gani a harshe ne, ko a gefe ko a sama ko a ƙasa, sauran kuma a cikin kumatu, leɓe, dasashi ko ganɗa. Girmansa daga 'yan milimita har ya kai santimita biyu, uku ko fiye. Tsakiyarsa a lotse take da wani abu fari-fari ko rawaya-rawaya a shimfiɗe, gefensa kuma ya tasa ya kewaye shi kamar bakin tukunyar ƙasa, idan ka taɓa sai kaji tauri. Yana tasowa da sauri, cikin kwanaki ko 'yan makonni ya girma, sannan ya zauna, sati huɗu, sati takwas, wani har watanni. Da yawa yana ciwo har mutum ya kasa cin tuwo da miya mai yaji ko magana ta riƙa masa wuya, wasu kuma ba wani ciwo sosai. Manya ya fi kamawa, musamman daga shekara 40 zuwa 70, maza da mata duka. Akwai kuma na jarirai, zan zo kansa.

Sunan iyosinofil ɗin daga wasu fararen ƙwayoyin jini ya samo asali, waɗanda idan an zuba wa nama wani jan rini a lab sai su ɗauke shi su yi ja-ja. Aikinsu na yau da kullum shine yaƙi da tsutsar ciki da makamantansu, kuma su ne ke yawaita a jikin mai asma ko mai alaji. A cikin wannan gyambon sai a same su cunkushe sun shiga har cikin tsokar harshe. Amma kar wani ya ji haka yace ashe tsutsar ciki ce ke kawo shi ya je ya sha maganin tsutsa. Ba haka bane, idan an auna jinin mai gyambon yawanci adadin ƙwayoyin nan daidai yake, a wurin gyambon kawai suka taru.

Me ke kawo shi?

Bayanin da ya fi ƙarfi shine rauni. Haƙorin da ya karye ya bar kaifi yana gogar gefen harshe dare da rana, turmin da ya ruɓe ya zama ɓaraguzai, haƙorin roba da bai zauna daidai ba, ko cizon harshe mai zurfi da ya murƙushe tsoka, irin wanda ke faruwa da mai farfaɗiya ko mai cizon haƙora cikin barci. Tun 1964 wasu masu bincike biyu, Bhaskar da Lilly, suka gwada murƙushe harshen ɓeraye suka samu irin wannan gyambon ya fito, wannan yasa aka ƙara yarda cewa rauni yana da hannu a ciki. Kafin nan a 1956 wani likita Popoff ya fara bada rahoton ganinsa a jikin babba, a 1970 Shapiro da Juhlin suka ce ai wannan cuta ce mai zaman kanta, sai a 1983 wani masanin cututtukan baki Elzay ya raɗa masa sunan da aka taƙaita zuwa TUGSE, sunan da ya haɗa abu uku, rauni da gyambo da ƙwayoyin iyosinofil.

Toh amma ga inda abin yake da ɗaure kai. Mutane da yawa da aka tabbatar suna dashi idan ka tambaye su ka ciji harshenka? sai suce a'a, a duba bakin babu haƙori mai kaifi a kusa. Kuma ai kullum mutane suna cizon harshe, me yasa dubbai suke warkewa cikin sati ɗaya sai wani ɗaya nasa ya rikiɗe ya zama wannan? Wasu masu bincike sun gano cewa ƙwayoyin iyosinofil da ke cikin gyambon basa fitar da wasu sinadarai da suka saba fitarwa masu taimaka wa nama ya haɗe, wato sun taru a wurin amma aikin gyaran ya tsaya cak, garkuwar jiki ta kunna faɗa ta kasa kashe shi. Wasu kuma suna ganin raunin ƙofa ce kawai ya buɗe, wani abu ya shiga cikin naman jiki ya ci gaba da maida martani. Abinda dai aka tabbatar shine ba a ɗaukarsa daga wani, ba ya bin cokali ko kofi ko kwanon abinci, baya bin mata da miji, dan haka babu dalilin ware wa mutum kwanonsa ko a hana jikokinsa zama kusa dashi.

Me yasa yake ruɗa har likita?

Ka lissafa siffofin kansar baki kamar yadda ake koya wa ɗaliban likitanci: gyambo ɗaya, a gefen harshe, a bakin mai shekaru, gefensa a tashe, ƙasansa da tauri, ya haura sati uku bai warke ba. Yanzu koma sama ka sake karanta siffar TUGSE. Abu ɗaya ne. Har kaluluwa a ƙasan muƙamuƙi wani lokaci yana saukarwa.

Akwai 'yan alamu da likita ke lura dasu, eh. Daji yawanci a hankali yake tafiya, wata da watanni, kuma da farko baya ciwo, shi yasa ma mutane suke raina shi, daga baya ne yake fara jini da wari, harshe ya ƙi juyawa, ciwo ya riƙa harbawa har kunne, kaluluwar wuya ta yi tauri ta ƙi motsi, mutum ya fara rama. Shi kuwa TUGSE da sauri yake zuwa kuma sau da yawa da ciwonsa tun farko. Sannan mai shan sigari, mai cusa garin taba a leɓe, mai shan giya, haɗarin dajinsa ya fi yawa, kamar yadda aka daɗe da sani game da tabar tumbak da ake cusawa a baki a Sudan. Amma duk waɗannan zato ne kawai suke ƙarfafawa. Akwai dajin da ke ciwo tun farko, akwai wanda ya kama matashin da bai taɓa riƙe karan sigari ba, akwai mai sigarin shekara talatin da nasa gyambon ya zama TUGSE ne. Har ma ganin haƙori mai kaifi kusa da gyambo baya wanke shi, saboda daji yana iya fitowa a gefen karyayyen haƙori, ko ya kumbura harshen har haƙorin ya fara gogarsa.

Shi yasa nake son a riƙe wannan da kyau: TUGSE suna ne da ake samu bayan an yanki naman an duba, ba kafin nan ba. Babu mai kemis, babu mai maganin gargajiya, babu wanda ya ga hoto a waya, kai har babban likitan da ya shekara ashirin yana duba baki, da ke da hurumin ce maka kwantar da hankalinka wannan marar illa ne alhali ba a kai nama lab ba. Kuma lissafi ma baya goyon bayan sakaci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an samu sabbin masu kansar baki da leɓe kusan 390,000 a duniya, kimanin 188,000 suka rasu. TUGSE kuwa ɗaiɗaiku ake ganinsa. Wato idan gyambo ya zo da wannan siffar a bakin babba, daji ake fara zato har sai an kore shi.

Ba daji kaɗai ake korewa ba

A wurarenmu akwai wasu cututtuka da dole likita ya sa a ransa. Tarin fuka yana iya fitar da gyambo a harshe, mai ciwo, mai daɗewa, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da tibi ya fi yawa a duniya, dan haka idan mutum yana tari, yana zufar dare, yana rama, za a nemi majina da hoton ƙirji. Tunjere ma yana fara wa da gyambo ɗaya mai tauri marar ciwo a leɓe ko harshe, gwajin jini ne ke nuna shi. Mai ɗauke da cutar ƙanjamau yana iya samun manyan gyambuna masu zurfi ko cututtukan fangas da ke cin nama, dan haka idan likita yace a yi gwajin kar a ji haushi, ba zargi yake ba, aikinsa yake. Akwai kansar ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira limfoma. Akwai magunguna ma da ke tsaga baki, kamar methotrexate da ake bai wa masu wasu cututtukan gaɓoɓi, da nicorandil na ciwon zuciya, shi yasa yana da kyau ka tafi da duk ledar maganin da kake sha.

Akwai kuma wani ɗan uwansa wajen ruɗa mutane, shi a ganɗa yake fitowa, can saman baki ta baya. Ƙananan wuraren da ke fitar da yawu ne jini ke yanke musu sai naman ya mutu ya rufta ya zama rami mai ban tsoro. An fara bayyana shi a 1973, yakan biyo bayan allurar kashe zafi ta cire haƙori ko yawan amai ko shan taba, kuma yana cikewa da kansa cikin wata ɗaya zuwa uku. Wannan har a ƙarƙashin madubin lab yana kama da daji, kuma an sha yin kuskure a yi wa mutane babbar tiyata a kansa ba gaira ba dalili.

Idan kuma yaro ne ɗan shekara 2 zuwa 6, mai tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda, dasashinsa ya fara gyambo yana wari kumatu ya kumbura, wannan ba maganar jira bace ko ta kwana ɗaya, cutar noma ake tsoro, mai cinye fuska cikin kwanaki, wadda akwai asibiti guda a Sakkwato da aka ware mata.

Daga kujerar likita zuwa lab

Ga yadda abin yake tafiya idan an je inda ya dace, wato wajen likitan haƙori, ko sashen tiyatar baki da muƙamuƙi irin wanda ake dashi a asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Sakkwato da na Maiduguri. Da farko tambayoyi ne, yaushe ya fara, ya girma ko yana nan yadda yake, kana shan taba, wane magani kake sha, me ka shafa masa. A faɗi gaskiya a wannan ta ƙarshen, domin wanda ya ɗora ƙwayar asfirin ko kanwa ko wani abu mai ƙuna a kan gyambo ya canza masa kama. Sai likita ya sa safar hannu, ya naɗe kan harshen da ɗan ƙyallen bandeji ya jawo shi waje, ya juya shi dama da hagu a ƙarƙashin fitila, ya sa yatsa biyu ya matsa gefen gyambon yana jin iya inda taurin ya tsaya, ya bi haƙoran da ke kusa da yatsa yana neman kaifi, sannan ya zagaya bayanka ya lalubi ƙasan muƙamuƙi da wuya.

Idan ya samu haƙori mai kaifi daidai saitin gyambon kuma gyambon bai daɗe ba, zai iya goge kaifin ko ya cire haƙorin yace ka dawo bayan sati biyu. Wannan dawowar ita ce rabin aikin, kuma ita mutane suka fi yarwa. Gyambon rauni na gaskiya idan an cire abinda ke gogarsa cikin sati biyu za ka ga ya tsuke. Idan bai tsuke ba sai bayofsi, wato a yanki ɗan nama a kai gwaji. A Ingila ƙa'idar da aka bai wa likitoci ita ce duk gyambon bakin da ba a san dalilinsa ba ya wuce sati 3, a tura mutum wajen ƙwararru da gaggawa a matsayin wanda ake zargin daji.

Bayofsi ba wata babbar tiyata bace. Allurar kashe zafi za a yi a wurin irin ta cire haƙori, a yanki ɗan nama kaɗan daga bakin gyambon haɗe da ɗan lafiyayyen da ke gefensa, a yi ɗinki biyu ko uku, ka tashi ka tafi gida ranar. Abu mai muhimmanci shine yankan ya yi zurfi ya taɓo tsoka, saboda idan sama-sama aka ɗebo ba abinda za a gani sai ruɓaɓɓen nama da kumburi, sakamako ya fito bai ce komai ba. Naman ana jefa shi a kwalba mai ruwan fomalin da ke hana shi ruɓewa, a lab a daskarar dashi cikin wani kaki irin na kyandir, a yanka shi siriri sosai a ɗora a gilashi a zuba rini, sai likitan gwajin nama ya duba. A TUGSE abinda yake gani shine tarin ƙwayoyin garkuwar jiki sun kutsa tsakanin zaren tsoka suna raba su, iyosinofil jajaye birjik, kuma babu ƙwayoyin daji da suka ɓalle daga fatar sama suna cin ƙasa. Sakamakon yakan ɗauki kwanaki zuwa 'yan makonni ya danganta da wurin. A karɓo shi, a kai wa likitan da ya tura. Ana samun waɗanda da zarar sun ji sauƙi sai su bar takardar a lab.

Kuma idan takarda tace kumburi ne kawai amma gyambo yana ƙara girma, likitan kirki zai ce a sake yanka. Kar a ɗauka neman kuɗi ne, wani lokaci yankan farko baya faɗawa kan inda cutar take.

Maganar wai idan ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu

Wannan maganar ta cuci mutane da yawa, kuma ita ce babbar katangar da ke tsakanin masu gyambon baki da sanin abinda ke damunsu. Za kaji dangi sun taru sun ce kar a bari a yanka, wane ma da aka taɓa nasa wata uku bai yi ba ya rasu. Ni na fahimci inda tsoron ya fito, mutane sun gani da idonsu. Amma abinda ya faru shine wanen nan ya shekara da gyambonsa yana shafe-shafe a gida, sai da ya kasa haɗiye koko aka kai shi, cutar ta riga ta sauka wuya, yankan da aka yi suna kawai ya faɗa, ba shi ya baza ta ba. Ɗan naman da ake cira daga gyambon baki baya sa daji ya yaɗu, jinkiri ne ke bashi lokaci.

A TUGSE ma abin mamaki akasin haka ake gani. Sau da yawa gyambon da ya yi wata biyu ko uku a tsaye, ana yankar ɗan naman gwaji sai ya kama warkewa, cikin 'yan makonni ya rufe, kamar sabon yankan ne ya tada aikin gyaran da ya tsaya. Likitoci da yawa sun bada rahoton haka. Ka duba wanda ya ƙi yarda a taɓa, yana zaune da fargabar mutuwa, ya daina cin abinci, ya saida akuya ya kai wa masu jiƙe-jiƙe, alhali aikin minti ashirin zai iya gaya masa ba daji bane kuma ya zama silar warkewarsa. Wallahi abin yana da ban takaici.

Inda likitocin suka saɓa

Yawancinsu suna kallon TUGSE a matsayin martanin jiki kawai, ya zo ya wuce. Amma a cikin wasu gyambunan ana ganin wasu manyan ƙwayoyi masu siffa daban, idan an yi musu rini na musamman sai a ga suna ɗauke da wata alama da ake kira CD30, wadda ake samu a wasu nau'in limfoma. A kaɗan daga ciki ma an gano ƙwayoyin duk daga uwa ɗaya suka rarrabu, wanda hali ne da aka fi sani da ƙari. Dan haka wasu masana suna cewa sunan TUGSE ya tara abu fiye da ɗaya, mafi yawa rauni ne tsantsa, kaɗan kuma suna kan iyaka da wasu cututtukan ƙwayoyin garkuwar jiki masu tafiyar hawainiya. Ɗaya ɓangaren suna cewa ai ko waɗanda aka ga alamar a jikinsu warkewa suke, kar a ɗora wa mutum sunan kansa a bashi magani mai ƙarfi kan abinda zai tafi da kansa.

Ga mai gyambon, abinda wannan muhawarar take nufi kaɗan ne amma yana da nauyi. Idan ya warke bai dawo ba, shikenan. Idan ya dawo, ko ya fito a wuri biyu uku, ko aka ga wasu ƙuraje ko ƙulli a fatar jiki, a koma a sake dubawa, kuma a nemi lab ɗin da ke iya yin rinin nan na musamman, domin ba kowane ke yi ba.

Akwai saɓani kuma kan gaggawar yanka. Wasu suna cewa a bada sati biyu bayan an gyara haƙori, wasu suna cewa idan babba ne gyambon yana da tauri a gefen harshe a yanka ranar farko. A ganina a yanayin da mutum zai taso daga ƙauye mai nisa, kuɗin mota ma sai an haɗa masa, kuma ba tabbas zai dawo, ra'ayi na biyu ya fi kusa da maslaha.

Na jarirai

Tun kafin a san na manya aka san wannan. Wani likita ɗan Italiya Antonio Riga ya bayyana shi a 1881, wani ɗan ƙasarsu Francesco Fede ya duba namansa a 1890, shi yasa ake ce masa Riga-Fede. Jariri idan yana shan nono harshensa yana fitowa ya hau kan dasashin ƙasa yana gaba yana baya. Idan an haife shi da haƙori, ko haƙoran gaba na ƙasa suka fito a watan farko, ko ma a lokacinsu wajen wata shida zuwa takwas suka zo da kaifi, sai ƙasan harshen ya riƙa gurzuwa a kansu har ya zama gyambo. Uwa za ta ga yaro ya kama nono ya tsotsa sau biyu ya saki da kuka, ya sake kamawa ya sake saki, yawu na zuba wani lokaci da ɗan jini, idan ta ɗaga harshen sai taga farin gyambo a ƙasa daidai kan haƙoran. Haɗarin ba gyambon bane, ƙin shan nonon ne, yaro ya bushe ya rame.

Haihuwar yaro da haƙori abu ne da ke faruwa a kusan haihuwa ɗaya cikin 2,000 zuwa 3,000, ba alamar komai bace, kar a biye wa camfi kuma dan Allah kar a kai wa wanzami ya ɓalle. Likitan haƙori zai goge kaifin ko ya lulluɓe kan haƙorin da abin ciko, idan kuma yana girgiɗi sosai har ana tsoron ya fita ya shaƙe yaron sai a cire, kuma a kwanakin farko na haihuwa sai an tabbatar an yi masa allurar bitamin K saboda zubar jini. A nan yawanci ba a buƙatar yankan nama tunda dalilin a fili yake, ana gyara haƙorin gyambon ke rufewa. Sai dai idan yaro ya ci gaba da tauna harshensa yana jin rauni ba ya kuka, a duba lafiyar ƙwaƙwalwa da jijiyoyinsa, saboda wasu yara masu larurar da ke hana jin zafi ta haka ake fara gane su.

Bayan an tabbatar, sai me?

Maganin ba mai yawa bane. A kawar da abinda ke gogar wurin, a gyara haƙorin roba, a riƙa kuskure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri ko ruwan wanke baki na chlorhexidine, a rage yaji da abu mai zafi da tsami har ya rufe, a sha maganin rage ciwo idan ana buƙata, mai shan taba ya ajiye. Idan yana jan ƙafa likita zai iya bada man sitiroyid, wato maganin rage kumburi, na shafawa a baki ko ya yi allurarsa a gefen gyambon, wanda ya ƙi duk wannan sai a yanke shi gaba ɗaya, ƙaramin aiki ne. Ba a ƙona shi da na'ura, ba a yin kemo, wato maganin daji mai ƙarfi da ake bayarwa, ba a yanke harshe. Dawowarsa ba ta da yawa.

Abinda ba shi da amfani shine jerin maganin da ake ɗorawa mutum a kemis, wannan satin Ampiclox, sati mai zuwa Flagyl, sai bitamin, sai maganin shuɗin nan da ake shafawa harshe ya rine har likita ya kasa ganin komai. TUGSE ba ƙwayar bakteriya ke kawo shi ba dan haka antibayotik baya taɓa shi, daji ma haka. Sitiroyid kuma kar a fara shi kafin a yi gwaji, yana iya lafar da ciwo ya rage kumburi mutum ya ɗauka sauƙi ya samu, idan kuma tibi ne ko fangas ƙara musu ƙarfi yake.

Dan haka mai gyambo ya duba kalanda ya tuna ranar da ya fara ganinsa, ya ɗauki hotonsa da waya duk bayan kwana uku ko huɗu a haske ɗaya dan ya nuna wa likita yadda yake canzawa. Ya cika sati biyu ba alamar tsukewa, a je wajen likitan haƙori. Ya kai sati uku, ko yana da tauri, ko akwai ƙulli a wuya, a nemi takardar turawa zuwa babban asibiti kuma da bakinka ka tambaya ko za a ɗebi nama a kai gwaji. Idan dattijo ne a gida mai kunyar buɗe baki ko mai cewa ba komai zai wuce, ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya raka shi, ya riƙe katin asibitin, kuma shi zai koma ya karɓo sakamakon.